Dutsen Mutum Biyu

Abin da aka yi wa Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa a bakin mutanenmu, ba a ɓoye aka yi shi ba. Da rana tsaka aka yi shi, a gaban fasto da mawaƙan coci da duk wanda ya zo cin nama. Babu wanda ya ɗaga masa hannu, babu wanda ya zage shi. Shi ya sa har yau in an tayar da zancen, ɗansa Tumisang yakan buɗe tafin hannuwansa ya ce, "To ni me na yi?"

Shekara ta zagayo da rasuwar matar tsohon, Mme Matumisang, wato Mama Matumisang, lokacin sa mata dutsen kabari ya yi. Tumisang ya ɗauki mahaifinsa a mota suka tafi Mafeteng, wani shago da ke bayan tashar bas, inda aka jera duwatsun kabari a fili kamar 'yan makaranta a layi. Lebusa ya yi ta zagayawa a tsakaninsu, lulluɓe da bargonsa, yana dogara sanda, yana shafa wannan yana shafa wancan. Can ya tsaya a gaban wani ƙarami mai ruwan toka, kansa a zagaye.

"Wannan," in ji shi. "Ita ma ba ta da tsawo, kuma ba ta son ƙyale-ƙyale. A sa sunanta da lambar waƙar da take so, shi ke nan."

Mai shagon, wani matashi mai suna Thuso, ya matso yana murmushi, ƙamshin turare na binsa.

"Wannan ma yana da kyau, Ntate," ya ce, amma Tumisang yake kallo. "Sai dai galibi irinsa ake sa wa wanda bai bar 'ya'ya ba."

Tumisang ya gyara tsayuwa.

A daidai lokacin tari ya turnuƙe tsohon. Tarin ramin haƙar zinariya ne, wanda ya kwaso daga ƙetaren iyaka tare da sauran sa'o'insa, ƙurar dutse ta cinye huhu. Ya dafa ƙaramin dutsen ya yi ta yi har idanunsa suka kawo ruwa. Da ya ɗago, ya tarar Thuso yana dubansa. Ba duban tausayi ba ne. Irin duban da mahauci ke yi wa rago a kasuwa ne, yana auna shi da ido.

"A kawo wa Ntate kujera da shayi," in ji Thuso. Ya juya wajen Tumisang. "Abuti, ɗan'uwa, zo ciki in nuna maka wani abu."

Ta gilashin ofis Lebusa ya ga mai shago yana ta bayani da hannu. Ya ga ɗansa ya waiwayo ya dube shi sau ɗaya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya ya gyaɗa kai.

A hanyar gida ya tambaya, "Wanne ka ɗauka?"

"Mai kyau, Ntate. Za ka gani."

"Ƙaramin nan na ce."

"Ka bar mini wannan. Uwata ce fa."

Lebusa ya mayar da idonsa kan hanya. Gaskiya ne, uwarsa ce.

Ranar Asabar ta Ista aka sa bikin. Ma'aikatan shagon sun riga sun zo sun kafa dutsen, sun naɗe shi da barguna, domin ba a ganin dutse kafin ranarsa. Tun daga ƙofar maƙabarta Lebusa ya lura da faɗinsa. An kewaye wurin da siminti, an zuba farar tsakuwa, filin ya isa kwanciyar mutum biyu. Ya ce a ransa wataƙila haka ake yayi yanzu.

Aka soma waƙa. Dangi suka riƙa cire bargunan ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe aka bar wa mijin marigayiya. Ya miƙa wa amininsa Ntate Tlali sandarsa, ya kama bakin bargon da hannu biyu ya ja.

Dutsen baƙi ne wuluk, yana sheƙi kamar ruwan rijiya. Abin da ya fara gani a ciki shi ne kansa: tsoho riƙe da bargo, baki a buɗe. Rubutu ya ratsa ƙirjin tsohon.

'Yarsa Limpho, wadda ta zo daga gidan aurenta a Leribe, ita aka ba karatu. Ta karanta sunan mahaifiyarta, da ranar haihuwa, da ranar rasuwa. Ta matsa ɓangaren dama, ta ga abin da aka rubuta, ta tsaya. Ta dubi yayanta.

"Karanta mana," in ji Tumisang.

Ta girgiza kai.

Sai ya matso da kansa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Lebusa Ramakatsa. Miji nagari, uba nagari." Ya karanta shekarar haihuwa. Bayanta akwai ɗan gajeren layi, bayan layin kuma fili, sumul, yana jira.

Mawaƙa ba su san ko su ɗauki waƙa ba. A wurinmu sunan da aka karanta ranar buɗe dutse sunan wanda ya koma wurin kakanni ne. Daga ranar roƙonsa ake yi, ba gaishe shi ba. Fasto ya yi gyaran murya, ya soma addu'a ga "bayin Allah da sunansu ke kan wannan dutse," ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya haɗiye sauran ya ce amin. Wata tsohuwa da ke tsaye kusa da Lebusa ta ja jikarta baya.

A hanyar komawa Tlali ne kaɗai ya jera da shi.

"Kai, tsohon banza," ya ce, "ashe ka mutu ko sallama babu? Jiya fa muka buga dara na cinye ka. Da gawa na yi wasa kenan?"

Lebusa ya so ya yi dariya. Tari ne ya fito.

Da baƙi suka ragu, ya kira ɗansa bayan gida, wajen shingen tumaki.

"Wa ya ce ka sa sunana?"

"Haba Ntate, ina ce za ka ji daɗi. Wuri na kama maka kusa da Mme. Ka san yadda maƙabartar nan ke cika."

"Ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ka ai cewa za ka yi a'a. Kuma dutse ɗaya na mutum biyu ya fi sauƙi a kan guda biyu. A Maseru duk manyan mutane haka suke yi. Ka ga yadda jama'a suka yi ta ɗaukar hoto?"

"An karanta ni, Tumisang. A gaban gari."

"Suna ne kawai. Dutse yana kashe mutum ne?"

Dutse bai kashe shi ba. Amma tun daga makon nan gidan ya soma sauyawa a hankali, kamar yadda inuwa ke cin tsakar gida da la'asar.

Surukarsa Mamosa ce ta fara. Ta shigo ɗakinsa da igiyar awo tana auna bango, yana zaune a bakin gado.

"Me ake aunawa?"

"Ba komai, Ntate. Ina ganin ɗakin nan zai yi kyau da kanti, tunda yana kallon hanya. Kai kuma tarin nan naka yana hana yara barci, ga makaranta. Ɗakin jinka na baya ya fi ɗumi, an ce hayaƙin kashin shanu ma yana buɗe ƙirji."

"A ɗakin nan na yi zaman aure da uwar mijinki."

"Ai shi ya sa. Zama da tunani ba shi da kyau a gare ka."

Aka kwashe gadonsa zuwa ɗakin jinka da ke jikin shingen tumaki, inda a da ake ajiye sirdi da buhunan masara. Aka bar buhunan a ciki.

Daga nan sai tumaki. Wata safiya ya leƙa shinge ya ga babu manyan raguna. Tumisang ya ce ya sayar, za a sa kaya a kanti. "Ai duk namu ne, Ntate. Ko yanzu ko anjima." Aka yi taron dangi a kan gonar bakin rafi, a falon gidansa, yana jin muryoyinsu daga inda yake zaune yana shan rana. Babu wanda ya aiko a kira shi. Da ƙanensa ya fito zai tafi, ya hango shi, ya cire hula daga nesa, irin cirewar da ake yi in an wuce maƙabarta, ya bi ta ɗaya ƙofar.

Sanyi ya sauko. Ƙanƙara ta rufe kan duwatsu fari fat, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Maganin da yake shaƙa in ƙirji ya toshe ya ƙare. Ranar asibiti ta zo, mota ta tafi sarin kaya. Wata ranar ta zo, babu mai. Ta uku Mamosa ta ce, "Likitan nan ai ya riga ya faɗa, ciwon ba ya warkewa. Wahalar hanya kawai za a ƙara maka." Ta ajiye masa tuwon masara da ganye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta juya. Ta daina shiga ɗakin. Jikokinsa ma an hana su, wai saboda tari.

Yaran gari kuwa sun samu abin wasa. In ya fito da sassafe cikin hazo, lulluɓe da bargo mai ruwan toka, sai su watse suna ihu, "Ga na kan dutse! Ga na kan dutse!" Wannan bai dame shi sosai ba, yara ne. Abin da ya tsaya masa a rai ziyarar Mme Malineo ce, wata gwauruwa da mijinta ya rasu, wadda suka yi shekaru suna zama benci ɗaya a coci. Ta zo da hantsi da kwanon motoho, kunun dawa mai tsami, da ɗuminsa, ta zauna a kan buhu, ta yi ta murza gefen zanenta.

"Ntate Lebusa, kar ka ji haushi. Wata alfarma nake nema."

"Faɗi, Mme."

"In ka isa... ka gaya wa mijina rufin ɗaki ya faɗo, yaran kuma ba sa aiko komai. Ka ce ya dube mu. Na yi ta faɗa a kabarinsa, ban ga alama ba. Ka ga kai baki da baki za ka gaya masa."

Ya dube ta. Babu wasa a fuskarta, babu mugunta. 

"Zan gaya masa," ya ce, domin bai san me zai ce ba.

Bayan ta tafi ya ɗaga hannunsa ya duba, ya juya shi gaba da baya. Ya kira sunan kansa a hankali don ya ji ko ɗakin zai amsa. Tun daga ranar ya soma jin motsin matarsa. Ba ganinta yake yi ba. Da rana ne ma, in gari ya yi tsit: ƙarar tsintsiya a bayan ɗaki, irin sharar da take yi gajere-gajere, ko ƙamshin sabulunta a jikin bargo. Da can in ya tuna ta daɗi yake ji. Yanzu sai ya ji kamar wadda ta gama shiri ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ya sa takalmi.

"Ban shirya ba," yakan ce wa ɗakin. "Ki yi haƙuri, ban shirya ba."

Da sanyi ya ɗan sassauta, ya sa takalman roba ya tari bas shi kaɗai zuwa Mafeteng. Daga tasha zuwa shagon ba nisa, amma sai da ya huta a jikin bango har sau nawa. Thuso na tsaye da wasu mata masu baƙaƙen kaya. Da ya hango shi, murmushinsa ya ɗan tsaya.

"A'a! Ntate! Kai ne da kanka? Jiki ya yi kyau kenan."

"Sunana nake so ka goge."

Thuso ya ja shi gefe, nesa da matan. "Ntate, rubutun nan ba alli ba ne. In aka kankare shi, fuskar dutsen ta lalace gaba ɗaya. Kuma ba kai ka saya ba. Sai wanda ya saya ya zo da kansa."

"Sunan nawa ne ko nasa?"

"Naka ne, amma dutsen nasa ne." Ya sassauta murya kamar mai ba da albishir. "Ka kwantar da hankalinka, ɗanka ya yi maka gata. Komai an gama. Ko ranar ƙarshen ma kyauta za mu zo mu sassaƙa, har gida, in dai abin ya faru kafin Ista mai zuwa."

Lebusa ya ɗauka kunnensa ne. "In me ya faru?"

Thuso ya shafa wuyan rigarsa. "Wato... tsari ne muke da shi. Akwai na shekara ɗaya, akwai na shekara biyar, wanda ya ɗan fi tsada. Na nuna masa duka biyun. Shi ya zaɓa."

"Ya zaɓi na shekara ɗaya."

"Ni ciniki nake yi, Ntate. Ban san gidan kowa ba."

Lebusa ya tuna waiwayen nan ta gilashi, yadda ɗansa ya daɗe yana dubansa kafin ya gyaɗa kai. Ashe lissafi ake yi.

Ya isa gida da la'asar, ya wuce kai tsaye cikin tsohon ɗakinsa. An jera sukari da sabulu da kyandir a inda gadonsu yake. Tumisang na bayan kanta, wasu mutum biyu suna sayen taba.

"Shekara ɗaya ka ba ni?"

Tumisang ya sallami mutanen da sauri. "Wa ya kai ka can? Da wannan ƙirjin ka shiga bas?"

"Na ce shekara ɗaya ka ba ni?"

"Ntate, ba haka ba ne. Kuɗin da ke hannuna ke nan a lokacin. Ka san nawa na kashe a bikin nan? Saniya, tanti, mawaƙa. Wa ya taimake ni? Limpho ko gishiri ba ta kawo ba."

"Da ka ɗauki ƙaramin da na nuna, da canji ya rage."

"A yi mini dariya a gari? A ce ɗan Matumisang ya sa wa uwarsa dutsen marasa gata?" Ya buga hannu a kan teburin kantin. "Kowa zai mutu, Ntate. Ni ma zan mutu. Laifi ne don na yi tanadi?"

Mamosa ta leƙo daga ciki. "Wasu iyayen ko itace ba a kafa musu. Kai an yi maka na gani na faɗa, kana raye ka gan shi da idonka, amma godiya ta gagara."

Ya nemi aron waya wurin Tlali ya kira Limpho. Ta yi kuka sosai. Sannan ta ce, "Ntate, kar ka haɗa ni faɗa da abuti Tumisang. Ni a gidan wasu nake. In na sa baki cewa za a yi gado nake nema." Ya je wurin fasto. Fasto ya ce lamarin cikin gida ne, kuma Tumisang na cikin masu riƙe da coci, zai dai yi masa magana a hankali in ya samu dama.

Wata ranar Talata da rana, lokacin da maƙabarta ba kowa, ya zaro gudumarsa ta zamanin rami daga ƙarƙashin gado, da ƙarfen sara. Tlali ya bi shi yana mita.

"In an kama mu, ni cewa zan yi fatalwa ce ta tilasta ni."

Lebusa ya durƙusa a kan farar tsakuwa, a ɓangaren dama, daidai inda aka tanadar masa. Tsakuwar ta yi sanyi. Ya ɗora bakin ƙarfen a kan harafin farko na sunansa, ya ɗaga guduma. Hannunsa bai manta ba. Ya fasa duwatsun da suka fi wannan taurin kai a cikin duhun ƙasa.

Amma bai buga ba. Ya san dutse. Falle ɗaya ne, kuma siriri, an yi shi don ido. Bugu ɗaya mai kyau, tsaga za ta tafi ta ratsa har hagu, ta raba sunan matarsa biyu. Ta yi shekara tana jiran dutsen nan kafin a shigar da ita cikin kakanni. In ya fashe, a ina za ta tsaya?

Gudumar ta daɗe a sama. Ya sauke ta a hankali ya ajiye.

"Sun ɗaure ni da ke, Matumisang," ya ce. "Sun san ba zan iya ba."

Iska ta kaɗa busasshiyar ciyawa. Ya ji ƙarar tsintsiya a bayansa, kusa ƙwarai. Bai waiwaya ba.

Tlali ya kama shi ya ɗaga. Wannan karon bai yi wasa ba. Sai da suka kai ƙofar maƙabarta ya ce, "To yanzu fa?"

"Yanzu zan ci abinci," in ji Lebusa.

Haka kuwa aka yi. Duk abin da aka ajiye a bakin ƙofa sai ya cinye tas, ko ya huce, ko ya kwana. In tuwo ya ƙi wucewa ya jiƙa shi da ruwa ya tura. Tlali ya riƙa ɗora shi a keken jakinsa yana kai shi asibiti, suna tafe suna zagin juna. Kullum da hantsi sai ya fito da kujerarsa ya kafa ta a gaban kanti, inda duk mai shiga sai ya wuce ta gabansa, ya gaishe da kowa da suna, da ƙarfi, har sai an amsa. Mamosa ta ce yana korar mata masu saye. Tumisang ya ce, "Ntate, iska na yi maka yawa a nan." Bai tashi ba.

Amma jiki ba ya jin gardama. Wuyansa ya zama kamar na kaza, bargo ya yi masa yawa. Da damina ta yi nisa ya daina iya ɗaukar kujerar, sai Tlali ya zo ya ɗaukar masa. Wani yammaci yana kwance, numfashi na fita da ƙyar kamar ana jan guga mai nauyi, ya ji mijin da matar a jikin shinge, bango ɗaya tsakaninsu da shi.

"Baƙar saniyar nan za a yanka, ko ja?"

"Ja. Baƙar tana da ciki."

"Ista fa ta kusa."

"Na sani."

Ya kafa idonsa a jinka. Ya ja numfashi ɗaya, ya ja na biyu. Ya ci gaba da ja.

Ranar Lahadin Ista ya sa Tlali ya yi masa aski, ya yafa bargonsa na fita kunya, aka ɗora shi a keken jaki zuwa coci. Ya ƙi zama a baya. Mutum biyu suka riƙe shi har benci na gaba, ya zauna kusa da ɗansa. Da aka ce kowa ya ba maƙwabcinsa hannu, ya miƙa wa Tumisang nasa, ƙashi da fata, ya riƙe shi gam.

"Barka da Ista, ɗana," ya ce. "Ga ni."

Tumisang ya dubi hannun, bai dubi fuskar ba. "Barka, Ntate."

Lebusa ya jira. Ba ya neman a ba shi ɗaki ko tumaki. Kalma ɗaya yake jira, ko da "sannu" ce mai fitowa daga ciki. Tumisang ya zare hannunsa ya buɗe littafin waƙa.

Sanyin farko na shekarar ne ya tafi da shi, da hantsi, Tlali na tsaka da jera 'ya'yan dara a bakin gadonsa. Aka yanka jar saniya. Aka kwashe farar tsakuwa aka haƙa ɓangaren dama, aka sa shi, aka mayar da tsakuwar aka baje ta sumul kamar ba a taɓa ba. Jama'a ba su yi kuka sosai ba. Sun riga sun gama da shi tun bara.

Bayan kwana biyu Tumisang ya kira shagon Mafeteng. Thuso ya yi masa ta'aziyya mai daɗi, sannan ya ce wa'adi ya wuce, yanzu sai an biya aikin sassaƙa da kuɗin motar ma'aikata. Tumisang ya ce za a yi in an samu hali. Kanti na buƙatar firiji. Bayan firiji aka yi rufin kwano. Limpho ta ce ita ba ta da ta cewa. Ɗakin jinka kuwa har yau a rufe yake, domin Mamosa ta rantse tana jin tari a ciki da rana tsaka, ko buhun masara ba ta yarda ta shiga ɗauka.

Mu da muka tsaya a wurin ranar da aka karanta sunansa, babu wanda ya ce uffan. Mun ci nama, mun yaba dutse. Da yawanmu muna da 'ya'ya, kuma mun fara tari. Yanzu in yaro ya ce zai kai ubansa gari a mota, sai ka ga uban yana satar kallon fuskarsa.

Bana aka yi wata jana'iza a maƙabartar. Cikin baƙi akwai wani tsoho da ya zo daga ƙetaren iyaka, wanda suka yi aikin rami tare da Lebusa. Yana bin kaburbura yana karanta sunaye har ya zo kan baƙin dutsen. Ya karanta hagu ya cire hula. Ya karanta dama, ya bi ɗan layin da yatsa, ya ga fili. Fuskarsa ta washe. Aka nuna masa Tumisang, ya tafi da sauri ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai ne ɗan Lebusa? Allah mai iko! Duk 'yan ƙungiyarmu sun ƙare, na ɗauka ni kaɗai na rage. Ashe tsohon ƙarfen yana nan! Motarmu za ta tashi yanzu, ba zan samu shiga gari ba. Don Allah ka gaishe shi. Ka ce Sefali na rami na huɗu yana gaishe shi. Ka riƙe shi da kyau, ka ji? Irinsu ba su da yawa."

Tlali na tsaye a gefe, ya dogara da sanda, yana kallon bakin Tumisang. Mutanen gari da ke kusa duk suka juyo.

Tumisang ya dubi dutsen, ya dubi farar tsakuwar da baƙon ya taka da takalminsa.

"Zai ji," ya ce.